Wa Ya Karɓi Itatuwan Zighan

Na shiga Sabha da niyyar aikin gini, don shi na iya tun a gida. Amma a unguwar Jadid, inda muke tsayuwa da safe a bakin hanya muna jiran masu ɗaukar leburori, mutum ba ya zaɓen aiki, motar da ta tsaya gabansa ita yake hawa. Ranar da tawa ta tsaya, wani dattijo ne a ciki, siriri, da farar hula. Bai tambaye ni abin da na iya ba. Ya dubi tafin hannuna ya ce da irin Hausarsu ta kasuwa, "Kai noma?" Na ce ni ɗan manomi ne. Ya nuna mini bayan mota.

Haka na tsinci kaina a Zighan, ƙauyen dabino kusa da Samnu. Dattijon nan kowa Haj yake ce masa, ni ma na bi sahu. Gidansa yana unguwar Sukra, cikin garin Sabha, gona kuwa leƙowa yake yi. A can na tarar da wani Bakano da ya daɗe yana masa aiki, ya girme ni sosai, furfura ta fara cin gemunsa. Baba nake ce masa, shi kuma ɗan Nijar yake ce mini, ko ƙanena in ransa na da daɗi. Ɗaki ɗaya muke kwana, kusa da rijiya da injin jan ruwa. Aikinmu dabino ne da albasa da wata ciyawar dabbobi da suke kira safsafa. Ta kudu gonar ba ta da katanga, rairayi ne zube, duk lokacin da aka yi iska sai mun kwashe shi da shebur daga bakin albasa.

Da sanyi ya shigo, wata safiya Haj ya zo da bayan motarsa cike da ƙananan itatuwa cikin baƙaƙen ledoji. Akwai masu ganye kamar allura, akwai itacen turare, akwai masu ƙaya da suka yi kama da bagaruwar gida. Ya ce na gwamnati ne. An fito da wani shiri na dasa itatuwa a bakin gonaki, duk manomin da ya je ya ce yana so, kyauta za a ba shi.

Na tambaye shi amfaninsu, tunda ba 'ya'ya za su yi a ci ba. Ya ce za su tare iska. Muna cikin sauke ledojin kuma ya ƙara da cewa duk wanda ya dasa itacen gwamnati a bakin gonarsa, gwamnati ta yarda ke nan cewa nan ce iyakarsa. Da motar Haj ta juya, Baba ya waiwayo gare ni.

"Ka ji tsohon nan," in ji shi. "Ni abin da na sani, in gwamnati ta kafa itace a gonarka, fara neman wata gonar."

"To wanne ne gaskiya, Baba?"

"Kai dai tona rami."

Muka tona layi biyu a gefen kudu, muka dasa, muka ja tiyo daga injin. Haj ya ɗebo fiye da abin da wurin zai ɗauka, ragowar suka zauna a gindin dabino. Maƙwabcinmu na yamma, wani mai kiwon tumaki, tun farko ya ƙi zuwa karɓa, ya ce shi ba ya kai sunansa kowane ofis. Amma da ya ga ragowar sai ya roƙa, Haj ya ce ya kwashe. Ya jera su a bakin magudanar ruwansa da ke bin iyakarmu, wadda take yoyo kullum.

Ba a daɗe ba wani saurayi ya zo a ƙaramar mota. Ma'aikacin gona ne daga ofishin shirin, irinsu muhandis ake ce musu. Mutum ne mai ladabi, ya yi sallama ya ba ni hannu. Haj ba ya nan, ya tafi neman maganin gwiwa. Baba kuwa tun da ya hango baƙuwar mota ya shige cikin dabino don gudun hukuma, sai ni kaɗai da guntun Larabcina.

Na ɗauka itatuwan ya zo ƙirgawa, har na fara yi masa jagora zuwa farkon layi. Ya ce a'a, shi manoma aka ce ya ƙirga, waɗanda suka karɓi shirin. Ya tambaye ni gonar ta wace ce. Na gaya masa abin da na ji, cewa gado ce tsakanin Haj da ƙannensa biyu, ɗaya yana can arewa bakin teku, ɗayan direba ne, bai taɓa taka gonar ba tun zuwana.

Ya tsaya yana kallon wayarsa. "To a ganinka mutum nawa ne suka karɓa?"

"Haj ne ya kawo su."

"Amma ƙasar ta mutum uku ce."

"Haka ne."

"Kuma kai ka dasa."

"Ni da abokin aikina."

Ya danna wani abu. Har yau ban san ko ɗaya ya sa ko uku ba.

Daga nan ya ce ana son hoton wanda ya amfana a kusa da itacensa. Ya waiga hagu da dama, babu kowa sai ni. Ya tambaye ni ko ina da ikama, wato takardar zama. Na ce babu. Ya ce ba komai, in durƙusa in riƙe itacen, in juya fuskata can gefe. Na durƙusa, na kama ɗan itacen turare da hannu biyu, na ji ƙarar wayar a bayana. Ya yi godiya ya tafi.

Baba ya fito yana karkaɗe riga. Da na ba shi labari sai ya girgiza kai. "Shi ke nan, ƙanena, ka zama mai itatuwa. Hotonka yana ofis. Ranar da suka mutu wa kake jin za a nema? Haj dai ɗan ƙasa ne."

Baba mutum ne da ba a gane wasansa da gaskiyarsa, fuskarsa ɗaya ce a duka biyun. Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna mini. Wanda ba shi da takarda a ƙasar mutane, ƙaramin abu ma girma yake masa. Na riƙa tunanin bayana da hannuwana suna cikin wata na'ura a wani ofis, da ɗan itace a tsakiya, kamar na ɗauki alkawarin da ban san sharaɗinsa ba.

Zafi ya shigo da iskar nan ta kudu da suke kira gibli, mai busar da leɓe tun kafin rana ta ɗaga. A wannan lokacin ne kuma wuta ta fara ɗaukewa, in ta tafi injin ya tsaya, in ta dawo ba ta daɗewa. Haj ya zo ya tsara mana yadda za a raba ruwa: dabino tukuna, sannan safsafa. Na ce itatuwan fa? Ya ce in an samu ragowa. Ba a samun ragowa.

Sai na koma ɗibar ruwa a jarka da sassafe, in ɗauka a kafaɗa in bi layin ina zuba wa kowanne kaɗan. Rairayin yana shanye shi tun ban matsa gaba ba. Wata rana da wuta ta zo da hantsi, na faki idon Baba na juya ruwan zuwa tiyon itatuwa. Ya gane, don ya ga gindin dabinon da yake jira bai jiƙa ba. Ya zo ya same ni, shi ne karo ɗaya da muka ɗaga wa juna murya a duk zamanmu.

"Dabinon nan saboda shi aka ajiye mu a nan," in ji shi. "In ya zubar da 'ya'ya me za ka gaya wa mai gona?"

"In waɗannan suka mutu fa, Baba, me zan gaya wa ofis? Ba kai ka ce ni za a nema ba?"

Ya dube ni jim kaɗan. Na zaci zai ce wasa yake yi. Sai ya ce, "Ni ma ban san abin da suke yi da hotunan ba." Ya mayar da ruwan kan dabino.

Itatuwan turare su suka fara tafiya, ganyen ya murɗe ya koma kalar ƙasa. Masu ganyen allura suka bi su, ba duka ba. Masu ƙaya suka tsaya yadda suke, ba su girma ba, ba su mutu ba. Layin ya zama giɓi-giɓi. Duk ƙarar motar da na ji daga hanya sai in ajiye abin da ke hannuna in kasa kunne.

Baba ne da kansa, bayan mun kwana biyu ba ma hira sosai, ya kai ni wani tsohon shinge a bayan ƙauyen, na wani itace da suke kira asal, mai jure gishiri da ƙishi. Ya nuna mini yadda ake yanko reshe a soka a jiƙaƙƙen rami. Muka cike wasu giɓoɓin da su, wasu kuma suka kama. Sai wata damuwar ta taso mini: wannan gyara na yi ko ha'inci? In an zo an ga itacen da ba shi aka bayar ba, za a ce na kyauta ko za a ce na ɓoye asara? Na tambayi Baba, ya ce in an tambaye ni in ce iska ce ta kawo.

Muhandis ya dawo lokacin yankan dabino, wannan karon Haj yana nan. Na riga na shirya bayanina da Larabci, na maimaita shi a raina ya fi a ƙirga, maganar wuta da inji da gibli. Muka isa bakin layin, busassun na tsaye a gabansa ƙarara. Ko kallonsu bai yi ba. Ya ce wa Haj an sauya tambaya daga sama. Yanzu ba yawan manoma ake so ba, faɗin filin da aka mayar daji ake so, da hekta. Zai zagaya da wayarsa ta auna.

"To auna gonar duka," in ji Haj.

"Dabino ba ya cikin shirin, Haj."

"To auna layin."

"In na auna layin kawai, siriri ne, ba zai kai abin da za a kira daji ba. Zai zama kamar ba ku karɓa ba."

"Mun karɓa kuwa. Ga wanda ya yi ta jidar ruwa nan."

Muhandis ya ce bari ya kira shugabansa. Waya ba ta kamawa a ƙasa, sai da ya taka tulin bulo ya hau rufin ɗakin inji. Muna tsaye muna kallonsa yana magana yana nuni da hannu kamar shugaban na ganinsa. Da ya sauko ya ce an ce ya auna filin da itatuwan suke karewa daga iska.

Haj ya tambaye shi iya ina suke karewa. Ya ce ya danganta da tsawon itacen. Dukanmu muka dubi layin. Mafi tsawo a ciki bai wuce gwiwata ba. Muhandis ya ce shi ma ya faɗi haka a waya, aka ce ya yi lissafi da tsawon da za su kai in sun girma. Ya shiga cikin fangalin albasa yana tafiya a hankali, wayar a gabansa, ya yi nisa kaɗan, ya waigo ya dubi itatuwan, ya ƙara taku, ya tsaya ya danna. Ban san me ya tsayar da shi a daidai wurin ba, kuma daga fuskarsa ban ga alamar shi ya sani ba.

Na kasa haƙuri na tambaye shi, "Waɗanda suka mutu fa?"

"Ba a tambaye ni su ba tukuna," in ji shi. "Wataƙila baɗi."

Na nuna masa rassan asal da muka soka, na gaya masa gaskiyar inda suka fito. Ya sunkuya ya taɓa ɗaya. Ya ce ba na shirin ba ne, amma dai kore ne. Bai ce in cire ba, bai ce in ƙara ba.

A hanyar komawa idonsa ya faɗa kan layin maƙwabci. Waɗancan sun sha yoyon magudana har sun wuce ƙugun mutum, ganye shar. Ya tsaya yana kallonsu da sha'awa, ya ce ai waɗannan nasu ne, ya gane irin. Haj ya gaya masa yadda aka yi. Aka kira maƙwabcin, ya zo da sandar kiwonsa. Muhandis ya ce masa a wurinsu yana cikin waɗanda suka ƙi shirin, ko zai yarda a gyara?

"Ni ban karɓi komai a hannun gwamnati ba," in ji maƙwabcin. "Haj ne ya ba ni."

"To Haj, in sa su a naku?"

"A gonata suke," in ji maƙwabcin.

Aka bar maganar a nan. Itatuwan da suka fi kowanne kyau a gefenmu suka zauna ba a lissafin kowa ba.

Baba ya dafa shayi, yanzu ya daina ɓuya. Muna zaune a inuwa muhandis ya tambaye ni yadda ake yi a ƙasarmu. Na gaya masa abin da nake tunawa. Ina yaro ma'aikatan gandun daji sukan zo da damina su raba wa gidaje itatuwa, a dasa a yi tafi, yawanci awaki su cinye. Mahaifina kuma in yana sassabe yakan bar tohon gawo da ya fito da kansa, babu wanda ya ba shi, babu wanda ya tambaye shi. Daga baya wasu suka zo a farar mota suka ce ƙauyenmu ya ƙaru da itatuwa, suka yaba, mu kuwa ba mu san nasu suke nufi ko na iyayenmu ba. Ya yi murmushi ya ce ashe ba su kaɗai ba ne.

Ganin ya saki jiki, sai na tambaye shi hotona. Ya ɗan yi tunani kafin ya tuna. Ya duba wayarsa bai gani ba, ya ce ya sauya waya. Amma ya riga ya tura shi tun lokacin. Na ce ina? Ya ce ofis, daga ofis kuma a tura gaba. Na ce wa yake dubawa a can? Ya ce wallahi bai sani ba, bai taɓa jin an dawo da magana a kan wani hoto ba. Na rasa ko in ji sanyi ko in ƙara damuwa. Na yi wata da watanni ina ɗaukar jarka saboda hoton da mai ɗaukarsa ma sai da ya yi tunani kafin ya tuna da shi.

Bayan haka labarai biyu suka iso mana kusan tare. Haj ya ji a Sabha cewa an yaba wa yankinmu, wai manomansa sun rungumi shirin. Maƙwabci kuma ya ji a masallacin Samnu cewa za a tsayar da shirin saboda mutane ba su karɓa ba. Kowannensu ya rantse daga bakin wanda ya sani ya ji. Baba ya ce wataƙila ɗaya da manoma aka ƙirga, ɗayan da hekta.

Zuwan muhandis na ƙarshe da na gani ba na aiki ba ne, dabino ya zo saya wa gidansu. Ya ce mini yanzu an ce ba sai sun riƙa yawo ba, daga sama za a riƙa ɗaukar hoto a ga inda ya yi kore. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini gonarmu yadda tsuntsu yake ganinta. Na gane rufin ɗakinmu, na gane kawunan dabino. Babban koren da ke tsakiya safsafa ce. Na nemi layinmu na kudu ban gan shi ba, sai da ya buɗa hoton da yatsu biyu na ga wasu ɗigo-ɗigo da ban tabbata su ba ne. Layin maƙwabci kuwa ya fito sarai, kuma saboda yana bin iyaka, a hoton sai ya zama kamar a cikin gonarmu yake. Na nuna masa. Ya ce ya lura. Na ce to yaya za a yi? Ya ce ba shi zai karanta hoton ba, wasu ne a wani gari. Ya ɗauki kwalin dabinonsa.

Da sanyi ya sake zagayowa wani ɗan garinmu ya samo mini aikin gini a Sukra. Na gaya wa Haj, bai hana ni ba, ya ce shi zai kai ni. Safiyar da zan tafi ya ce kafin mu shiga mota in raka shi layin, yana so ya gani da idonsa, ba don ofis ba. Muka tafi mu uku da Baba, Haj yana dogara sanda saboda gwiwarsa. Yana tsayawa a kan kowanne, masu rai ya gyaɗa kai, matattu ya wuce.

Kusa da ƙarshe muka zo kan wani mai ƙaya da ba shi da ganye ko ɗaya, amma bai karye ba. Baba ya ce wannan ya mutu tun zafi. Haj ya dube ni. Na ce ban sani ba, na daɗe ina zuba masa ruwa, bai tsiro ba kuma bai faɗi ba. Haj ya sunkuya da ƙyar ya kankare ɓawon da farce. Ƙarƙashin ba kore ba ne sosai, ba kuma busasshe ba ne. Muka duba mu uku, kowa da abin da ya gani. Haj ya miƙe ya ce wa Baba ya ci gaba da ba shi ruwa in an samu.

A mota, mun kama hanyar Sabha, ya ce ya ji wai za a sake rabawa bana, ko da yake wani ya ce masa an rufe ofishin. Ya tambaye ni, tunda ni na sha wahalarsu, ko ya je ya karɓo in da gaske ne. Na ce masa ban sani ba, Haj. Ya ce shi ma haka. Daga nan ya koma ba ni labarin likitan da ya duba masa gwiwa, har muka shiga gari.